Shekarar da Turawa Suka Fasa Sayen Tabarmin Kaka

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba Alhaji Bala ya sauka daga kan acaɓa a ƙofar gidanmu da ke unguwar Dogo Tebo a Potiskum. Na riƙe lokacin ne saboda a shekarar aka koya mana karanta agogo, kuma ba abin da zai faru a gidan da ba zan ruga ɗakin Baba in dubo agogon bango ba. Acaɓan shi ne abin mamakin. Alhaji Bala Bakano ne, dillalin tabarmi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya zo ba sai a gaban a-kori-kura, da yaran mota da igiyoyi. Ranar daga shi sai 'yar jaka a hammata.

Ruwan da aka yi ta yi a makon nan ne ya dawo min da ranar. Abokiyar ɗakina a makaranta ta manta tabarmarta ta kaba a waje, ta shigo da ita sharkaf ta jingine kusa da littattafaina. Jarrabawa ce a gabana, amma warin jiƙaƙƙiyar kabar nan ya hana ni karatu. Sai ga ni a tsakar gidanmu ina 'yar firamare, kaina a ƙasa kamar kullum, kunnena a buɗe.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce uwar saƙa a layinmu. Daga Yindiski aka auro ta, Ngizimanci ne yarenta na farko, kuma shi take komawa idan abu ya ba ta mamaki. Sunana Zulai, amma ita ƙawata take kirana. Da rani, idan an gama shigar da amfanin gona, matan layin sukan hallara a inuwar darbejiyarmu da ɗaurin kaba. A tsaga ta siri-siri, a jiƙa, a saƙa dogon zubi mai faɗin tafin hannu, sannan a jera zubi-zubi a ɗinke su gefe da gefe har su zama tabarma. A da ta kwanciya suke yi, mai ja da kore da shuɗi, wadda ake saye a kasuwar garin.

Sai Alhaji Bala ya zo da wani aiki daban. Ya ce akwai mutanensa a Kano masu aika kaya ƙasashen Turai, kuma can irin wadda suke so ke nan: faɗinta kamu biyu kacal, tsawonta kuwa daga zaurenmu har bakin rijiya. Kada a sa galura ko kaɗan. Launin kabar kawai, sai ɗan siririn jan layi na karan dafi a bakin. Matan suka ce ba su taɓa ganin tabarma marar fara'a irin wannan ba. Kaka ce ta bi su gida-gida ta lallashe su, don abin da Alhaji yake biya ya fi na kasuwa nesa. Shekaru aka yi ana jin daɗin aikin. Yagana, Babarbariyar da ke maƙwabtaka da mu, da shi ta sayi tumaki. Maman Talatu, matar wani ma'aikacin asibiti da suka zo daga Filato, da shi ta sayi keken ɗinki. A hankali kowa ya bar tabarmar kwanciya ya koma ta Turawa.

Ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Me Turawa suke yi da doguwar tabarmar da ba ta ɗaukar mutum a kwance? Na gwada kwanciya a kai, ina juyawa na faɗo ƙasa. Na kasa tambayar Alhaji, don ko gaishe shi daga bayan zanen Inna, mahaifiyata, nake yi. Sai na raɗa wa Kaka, ita kuma ta watsa tambayar a tsakiyar mata.

Yagana ta ce, “Ai sirara ne. A jere suke kwana, kan wannan a ƙafar wancan, kamar tsire a tsinke.”

Maman Talatu ta ce ita ta taɓa ganin Turawa a asibitin mishan tana yarinya, kuma ba su yi mata kama da masu zama a ƙasa ba. Ƙila a bango suke ratayawa.

Kaka ta girgiza kai. Ta ce, “Mutanen da suke neman tabarma mai tsawon nan masu zumunci ne. Gida guda suke jeruwa su ci tuwo, daga tsoho har jika.” Shi ya sa duk wadda za a naɗe sai ta bi bakinta da yatsa, ta datse duk wani tsinken da zai soki jikan Bature.

A wannan Larabar aka shimfiɗa wa Alhaji tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Aikin rani guda yana jibge a ɗakin ajiyarmu, naɗi kan naɗi har kusa da rufi, don gidanmu kowa yake kawo nata. Alhaji ya sha ruwa, ya cire hula, ya mayar.

Ya ce, “Hajiya, bana dai ba sa'a. Turawan sun karye.”

Kaka ta ce, “Sun karye? Mota ce?”

“Arziki ne ya karye. Bankunansu suna rufewa, ana korar mutane daga aiki, ana karɓe musu gidaje. Shagunan da suke sayen kayanmu sun ce a dakata. Wanda aka karɓe wa gida ina zai shimfiɗa tabarma?”

Kaka ta yi wata doguwar magana da Ngizimanci. Sannan ta ce, “Fari aka yi musu ko fāra?”

“Ba ko ɗaya. Bashi ne ya yi musu yawa.”

Yagana da ke laɓe a bakin ƙofa ta kasa haƙuri. “Alhaji, ka ji tsoron Allah. Bature ma yana talauci?”

“Wallahi Yagana yana yi. Nasa ma a rediyo ake faɗa.”

Da zai tafi Kaka ta ƙulla masa kuka da daddawa a leda, ta ce ya ba mutanensa na Kano su aika wa Turawan, a yi musu jaje. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, bai yi dariya ba. Sai da acaɓan ya sha kwana ta zauna a bakin rijiya, ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin ajiya.

Bayan 'yan kwanaki ruwan shuka ya sauka. Baba da yayyena suka koma gonarmu ta Yindiski, su fita da asuba su dawo da laka har gwiwa. A kowace shekara kuɗin tabarmi ne yake riƙe gidajen layin daga shuka zuwa sabon gero, don a lokacin rumbu yake yin ƙasa. Bana babu. Baba ya ɗauki tabarmi biyu ya kai kasuwa, ya dawo da su da yamma yana dariyar takaici. Ya ce wani ya tambaye shi ko ta maciji ce, wata mata kuma ta ce ko kyauta ba za ta kai wa amarya tabarmar da ba ta da launi ba. Wasu suka ce a yanyanka su, amma ko an yanka faɗin bai isa kwanciya ba, kuma Kaka ta ce ba mai sa wa aikin mutane wuƙa tana raye.

Daga nan gaisuwar layin ta fara gajarta. Ba wadda ta fito ta ce Kaka ce ta ja musu, amma masu shigowa hira suka ragu. Mijin Yagana ya sayar da tunkiya ɗaya, kuma ya tabbatar labarin ya iso mana ta katanga. Kaka ta rage cin tuwo, ta ce haƙoranta ne. Na san ba haƙora ba ne, don na ga tana tauna goro.

Sai kuma abokan gaba biyu suka taso, gara da danshi. Kullum da safe ni da Kaka muke shiga ɗakin ajiya. Mu ɗora naɗin a kan itace da duwatsu, mu zuba toka a gindin bango, mu juya na ƙasa ya koma sama. Ni ce mai leƙa lungu, don idona ya fi nata. Idan na ga hanyar gara ta hau bango kamar jan zare, sai in nuna da yatsa, ita kuma ta murje ta da takalmi tana yi mata faɗa kamar ta san ta. Idan aka kwana biyu ba rana sai a shigo da kasko a turara hayaƙi. Duk da haka ɗakin ya fara warin nan da na ji a makon nan.

A tsakiyar wannan damina azumi ya kama. Azumin damina ba ƙishirwa ce wahalarsa ba, gumi ne da yunwa. Gero ya yi kai a gona, kana ganinsa, amma bai nuna ba. Da rana iska ta tsaya cak, riga ta manne a baya, hadari ya taru a gabas ya yi ta gurnani ya watse. Da yamma kwaɗi su cika kududdufin bayan layi da kuka, sauro ya fito tun kafin a kira salla. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, ba sukari, da kwaɗon tafasa ko na rama. Ƙosai sai ranar Juma'a, shi ma kowa ya san nasa. Yayana ya ce kunun Inna har fuskarsa yake gani a ciki, ta ce to ya gode Allah an ba shi madubi kyauta. Ni a shekarar nake koyon azumi, rabin yini nake yi, amma ina riƙe fuska irin ta mai cikakke don a ba ni ƙosan manya.

Maman Talatu ba ta azumi, amma kusan kullum kafin magariba sai ta miƙo kwano ta katanga, wani lokaci dafaffiyar masara, wani lokaci gyaɗa ɗanya. Ta ce wa Kaka, “Mama, ki ci. Idan kika faɗi wa zai yi wa gara faɗa?”

Azumi ya raba tsakiya aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun hantsi yake zuba, indararo yana ambaliya, tsakar gida ta zama tafki. Ni na fara jin ɗigar a ɗakin ajiya. Na leƙa, na ga rufin ƙasar ya jiƙe ya buɗe a kusurwa, jan ruwa yana bin naɗin tabarmi. Ban san ina da murya ba sai ranar. Ihun da na yi har gidan Yagana.

Kafin ka ce me, matan layin sun cika gidan, har waɗanda suka daina shigowa. Ba wadda ta tsaya gaisuwa. Aka yi layi daga ɗakin zuwa zaure ana miƙa naɗi hannu da hannu, zannuwa sun jiƙe, ɗankwali yana zamewa. Yagana ta zame ta zauna daɓas a cikin laka da tabarma a ka, ta ce kada wanda ya ɗaga ta, a fara ceton kayan Bature. Dariyar da aka yi ranar an daɗe ba a yi irinta a gidan ba.

Bayan azahar ruwan ya ɗauke, rana ta fito da zafinta. Dole a shanya waɗanda suka jiƙe kafin su yi funfuna, amma duk layin laka ce. Wuri ɗaya ne busasshe, simintin harabar masallacin unguwa. Maman Talatu da yaran layin suka kwashe su zuwa can, aka warware su ɗaya bayan ɗaya, tsawonsu ya bi tsawon harabar. Kaka ta ce, “Ƙawata, ke za ki yi gadi. Akuya ko kaza, kada ki bar kowa ya hau.” Na ɗauki littafina na zauna a gindin katanga da 'yar tsumagiya.

Akuyoyi ban sha wahalarsu ba. Abin da ba wanda ya tuna shi ne la'asar. A azumi masallacin ba ya ɗaukar mutane, sahu har waje yake fitowa. Ina cikin karatu na ji kiran salla, na ɗaga kai na ga maza suna tuɓe takalma a bakin siminti. Na farko ya dubi tabarmin, ya ce, “Masha Allah,” ya hau. Na biyu ya tsaya kusa da shi. Na miƙe da tsumagiyata, sai na ga ko su wane ne. Dattawa ne, wasu sa'o'in kakana. Na koma na zauna ina kallon aikin rani guda a ƙarƙashin ƙafafun mutanen unguwa.

Ladanin masallacin, Malam Jauro, wani dogon Bafulatani ne mai faɗa a kan sahu. Kullum kafin a tayar da salla sai ya fito waje da lemarsa yana tura wannan gaba, yana jan wancan baya, yana cewa sahun mutanen Dogo Tebo kamar hanyar shanu. Ranar ya fito da lemar a ɗage. Ya dubi sahun farko, ya dubi na biyu. Kowa ya sa dugadugansa a bakin tabarma, layi ya miƙe sambal. Ya sauke lemar ya shiga sahu.

Da aka sallame ya nufo ni. “'Yar nan, na wane ne waɗannan?”

Na nuna gidanmu da tsumagiya. Ya ce in wuce gaba. Na tafi ina jin kamar za a kai ni gaban alƙali.

A zaure ya yi sallama, Kaka ta fito, Yagana tana biye da ita da laka a zane. Da Kaka ta ji an yi salla a kan tabarmin sai ta dube ni, na sunkuyar da kai. Malam Jauro ya ce, “Hajiya, shekara da shekaru ina fama da mutanen nan, yau tabarmarki ta yi min aikin. Aibinta ɗaya. Ni da na yi sujada, gwiwata tana kai, goshina yana kan siminti.”

Yagana ta ce, “To Malam, laifin tabarma ne ko na wanda ya yi tsawon da ba a tambaye shi ba? Ku Fulani komai sai kun wuce gona.”

“Ke Babarbariya, da manya nake magana. Hajiya, ba za a ƙara mata faɗi ba?”

Kaka ta auna da hannunta a iska. Ta ce, “Zubi biyu. A farke bakin, a ƙara, a mayar da jan layin.” Muryarta ta dawo irin ta da.

Washegari Malam Jauro ya zo da wani dillalin shanu da yake neman abin da zai yi sadaka da shi a goman ƙarshe. Ya saye wa masallacinmu, ya biya rabi da kuɗi, rabi da buhun gero da sukari. Mutanen da suka yi salla a kai suka kai labari unguwanninsu. A azumi kowane mai hali yana neman lada, kuma ga lada mai tsawo da kowa zai gani. Daga Yindiski aka aiko, daga bakin tasha aka aiko. Maman Talatu ta kai biyu cocinsu ba tare da an ƙara musu faɗi ba, ta ce daidai suke da zaman yara ranar Lahadi, kowa ya jeru ba mai haurin wani.

Sauran azumin a ƙarƙashin darbejiya muka yi shi. Da an gama aikin safe mata su hallara, wasu suna farka baki, wasu suna saƙa sabon zubi, Kaka tana ɗinki tana duba na kowa. Bakuna a bushe, yatsu suna tsagewa, amma hira ba ta yankewa. Idan hadari ya taso a kwashe a ruga zaure, idan ya wuce a dawo. Ni aka ba aikin aune, da igiyar da aka yanka daidai tsawon sujadar Malam Jauro, don Yagana ta ce idan ta ishe shi ta ishi kowa a Potiskum. Kunu ya yi kauri, sukari ya dawo. Ba a sayar da su duka ba, gara ta ci wasu, danshi ya ɓata wasu, kuma abin da aka samu bai kai na Alhaji Bala ba. Amma ya kai mu sabon gero. Ranar salla mijin Yagana da kansa ya shigo gaishe da Kaka, ya daɗe a durƙushe.

Yanzu azumi ya koma rani, acaɓa ya ba keke napep wuri, masallatai da yawa sun koma doguwar tabarmar roba ta kamfani. A aji an koya mana wannan karyewar arzikin da zane a allo, na rubuta komai da kyau, har da sunayen ƙasashen. Kaka tana nan, idonta ya yi rauni, amma har yanzu idan aka miƙa mata tabarma sai ta bi bakinta da yatsa.

Alhaji Bala ya dawo bayan damina biyu, a gaban a-kori-kura, ya ce Turawan sun fara farfaɗowa, suna neman kaya. Kaka ta yi murna ƙwarai, ta tambaya ko kukar ta isa, ya ce ta isa, sun gode. Ta ce za a yi musu, amma sai an gama na wasu masallatai biyu da suka riga shi, kuma daga yau rabin kabar kawai za a ba Turawa, rabi na gida ne. Ya yi ta roƙo, ba ta sauya ba. Da ta tashi shiga ciki sai ta tura ni gabansa.

“Ƙawata tana da tambaya. Shekara nawa tana cinta.”

Ta shige ta bar ni. Na dubi ƙasa, na tattaro duk ƙarfin da nake da shi, na ce, “Alhaji, me Turawan suke yi da su?”

Ya leƙa tsakar gida ya tabbatar Kaka ta yi nisa, ta kai bakin rijiya. Abin da ya faɗa min har yau ban kai mata ba. Ya sunkuyo, ya rage murya.

“Tsakaninmu, 'yata. Ba zama suke yi a kai ba. A lungun da ke tsakanin ɗakuna suke shimfiɗawa, su bi ta kai su wuce. Da takalmi. Har karensu.”